Hajiya, kafin ki ƙwace salular yaron nan ki fara duba taki

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah shi ƙara lafiya da kasuwa. Bari in maimaita tambayar taki a taƙaice don masu karatu su san inda munka dosa. Kin ce kina Tawa, kina yin komand ɗin jakunkuna da takalma da mayafai daga wani shagon intanet na ƙasar Sin, kina biya da kart ɗin banki irin wadda ake zuba ma kuɗɗi, to cikin satin nan saƙo kala 3 sunka shigo maki. Ɗaya ta imel cewa wata sabuwar waya ta shiga kont ɗinki, ɗaya mesaji mai kod alhali ba ki sayi komi ba, na ukun kuma cewa za a rufe kont ɗin cikin awa 24 in ba ki taɓa wani link ba. Sannan kin duba kart kin ga jika 18 sun yi ɓatan dabo. Yaronki mai shekara 12 da ke siziyam shina ɗaukar salularki shi yi wasa, yayarshi mai shekara 15 tana da tata, kuma kina tambaya ɓarayi ne ko yaron ne, kuma ta yaya za ki sa masu ido ba tare da kin zama ɗan sanda cikin gidanki ba.

Ni aikina ke nan nan Yamai, gyaran kwamfuta da tsare ma ƴan kasuwa kont-kont ɗinsu, kuma abin da zan fara ce maki shi ne saƙonnin nan 3 ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne, kada ki haɗa su ki yi masu hukunci guda. Kowane da inda ya fito. Kuma maganar yaron da maganar saƙon duk wuri ɗaya sunka haɗu: salula guda ce ke riƙe da kuɗɗinki, ita ce kuma abin wasan gidan.

Na ukun dai, mai cewa za a rufe kont cikin awa 24, wanga kusan in rantse maki na ƴan damfara ne. Alamarsu ba ta ɓuya, kullum sauri suke so, kullum tsoro suke sa wa, kullum akwai wurin da za ki taɓa ki rubuta lambar kart ko kalmar sirri. Wani lokaci su ce kolinki ya maƙale a duwan sai kin biya ɗan wani abu kaɗan, kuma da yake kina jiran kaya da gaske sai zuciyarki ta ce ai shi ne. Ba su san kina jiran kaya ba Hajiya, mutum dubbai suke tura ma saƙo iri guda, wanda abin ya dace da halin da shike ciki shi ne ke faɗawa. In kina mamakin inda sunka samu lambarki ko imel ɗinki, ba wani tsafi ba ne, a 2021 kaɗai an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet har da lambobin waya, ga kuma gurup-gurup na WhatsApp na ƴan kasuwa da kowa ke ganin lambar kowa.

Yadda ake karanta adireshin link kuwa, in dai kina son ki iya, ki duba sunan da ke dab da layin nan mai karkace na farko bayan https://, shi ne sunan gaskiya. Misali amazon.fr/ na Amazon ne, amma in kin ga amazon.fr.wani-abu.top/ to mai shi "wani-abu.top" ne, ya manna sunan Amazon gaba ne kawai don ido shi ruɗe. Ɗan kwaɗon nan da ke fitowa gefen adireshi ma kada shi ruɗe ki, shafin ɓarayi ma shina iya samun shi kyauta. Amma gaskiya ni ba na son in ɗora ma mutane wahalar karatun adireshi a ƙaramin ekaran ɗin Tecno cikin rana, akwai hanya mafi sauƙi: duk saƙon da ya zo, ko na gaskiya ne ko na ƙarya, kada ki shiga ta cikinshi. Rufe shi, ki buɗe aplikasiyon ɗin shagon da hannunki, ki duba komand ɗinki da wurin saƙonni da wurin tsaro. In da matsala ta gaske za ki tarar da ita can tana jiranki. In kin shiga kin ga komi lafiya lau, to ki goge saƙon ki sha ruwa.

Na farkon, mai cewa sabuwar waya ta shiga, shi ne ke son natsuwa don shina iya zama na gaskiya. Mutane da yawa garin da anka rubuta cikin saƙon suke dubawa su firgita, ki ga mutum shina Tawa an rubuta mashi Yamai, ko ma wata ƙasa dabam. Wanga ba hujja ba ce, don ba GPS suke amfani da shi ba, adireshin koneksiyon suke dubawa, kuma koneksiyon ɗin kamfanonin salula sau da yawa ta babban birni take fita. In kuma wani ya sa VPN cikin salular, wato aplikasiyon mai bi da koneksiyon ta wata ƙasa, abin da yara masu wasa ke yi sosai, sai a rubuta maki Faransa ko Jamus alhali mutumin shina tsakar gidanki bisa tabarma. Abin dubawa shi ne irin wayar da lokacin. In an rubuta Infinix kuma ta ɗiyarki Infinix ce, kuma ƙarfe 9 na dare ne lokacin da kike wurin tuwo, kin ga ba sai an je wurin malamin duba ba. In an rubuta kwamfuta Windows ko iPhone kuma duk gidan ba mai ita, to nan ne za ki tashi tsaye.

Na biyun, kod ɗin da ya zo ba ki nema ba, shi ya fi damuna. Kod ba shi zuwa haka nan. Ko dai wani ya rubuta lambarki da kuskure, ko wani na da kalmar sirrinki ko lambobin kart ɗinki ya zo mataki na ƙarshe kod ɗin ya tare shi. Ki koma ki karanta mesajin da kyau tun daga farko har ƙarshe, don na banki galibi shina faɗin nawa ne za a cira da sunan wanda za a biya. Mutanenmu lambobin kawai suke kallo su bar sauran rubutun, alhali amsar tana ciki. Kuma ki riƙe wanga da kyau: ba ma'aikacin banki, ba na Airtel ko Moov ko Zamani, ba na Nita ko Amana, ba wani mai shagon intanet da aikinshi ya haɗa da shi kira ki shi ce karanto mani kod. Duk wanda ya nema ɓarawo ne ko da ya kira sunanki da na kakanki, ko da Faransancinshi ya fi na ɗan jarida. Haka mai cewa "yi haƙuri na tura maki kod da kuskure, maido mani", wanga WhatsApp ɗinki shike son ɗaukewa, kod mai lamba 6 ne, da kin ba shi sai ki ga an fidda ki, shi kuma shi shiga rubuta ma kiliyan ɗinki da ƴan uwanki da sunanki shina neman a tura mashi kuɗɗi.

To jika 18 ɗin fa? Ki je banki ko ki buɗe aplikasiyon ɗinsu ki fidda jerin abin da anka cira, kowane da sunan wanda ya karɓa. In kin ga Google Play ko sunan wani wasa, an cira kaɗan-kaɗan sau da yawa, to hannun gida ne. Ɓarawon waje ba shi tsayawa sayen diyaman ɗin Free Fire ko UC na PUBG, wato kuɗɗin cikin wasa, da ɗari biyar-biyar, shi in ya samu kart gwadawa shike da ɗan ƙaramin abu, in ta wuce shi kwashe duka lokaci guda. Ki duba kuma ko wani abonema ne ke cin kuɗɗin kowane wata, irin aplikasiyon ɗin da ke cewa gwaji kyauta kwana kaza sannan shi fara cira shiru. Kuma ki tuna farashin da dala ko yuro shike, yaro shina ganin 4,99 shi ɗauka ba komi ba ne, alhali yuro 1 sefa 655,957 ne, wato 4,99 ɗin nan ya haura jika 3 kafin banki ta ɗora nata.

In ya tabbata yaron ne, ina roƙon arziki kada a fara da bulala. Ba wai ina wanke shi ba ne, amma wasannin nan da gangan anka gina su yadda sayen zai zo da sauƙi, taɓawa guda kuɗɗi sun fita, kuma yaro bai ga takardar jika ta bar hannunshi ba balle shi ji zafin abin. Ba ɗanki ne farau ba. A Amurka hukumar kare masu saye ta FTC ta sa Apple ta maida ma iyaye aƙalla dala miliyan 32,5 a 2014 saboda sayayyar da yara sunka yi cikin wasanni ba da sanin iyaye ba, Google ma a shekarar ta yarda da miliyan 19, Amazon kotu ta kama ta da irin wanga laifi a 2016, sannan a 2022 Epic Games masu Fortnite sunka yarda su biya miliyan 520 bisa maganar bayanan yara da dabarun sa mutane saye ba da niyya ba. Manyan kamfanoni ne da injiniyoyi ke aiki dare da rana don yatsan yaro shi taɓa wurin nan. Ki zaunar da shi ki nuna mashi jerin bankin, ki ce mashi wanga ribar jakunkuna nawa ce, shi biya da aikin shago ko a yanke mashi kuɗɗin lakwal na ƴan kwanaki, wanga ya fi shiga jiki. In kin dake shi yau, abin da zai koya kawai shi ne shi riƙa goge mesajin banki kafin ki gani.

Yanzu ga abin da nike son ki yi yau da dare in gida ya yi shiru, kuma ki bi shi a jere don jerin na da dalili. Ki fara da Gmail, ba da shagon ba. Imel ɗin nan shi ne ƙofar zaure, duk wanda ya riƙe mabuɗinta zai iya zuwa kowane shago shi ce ya manta kalmar sirri a turo mashi sabuwa, sauran ƙofofin ciki ba su da wani amfani. Tambayata gare ki, wa ya buɗe maki Gmail ɗin? Don abin da nike gani kullum shi ne mutum shi sayi salula a kasuwa, yaron shago shi buɗe mashi kont nan take, shi sa kalmar sirri irin sunan mutum da 1234 ko lambar wayarshi, wani lokaci ma lambar da anka sa ta maido da kont ta yaron shagon ce ba ta mai salular ba. Ba lalle da mugun nufi ba, sauri ne kawai, amma sakamakon shi ne shekara da shekaru kont ɗinki na hannun wani. Ki shiga parametir, ki taɓa Google, ki shiga wurin kula da kont, ɓangaren tsaro. Can za ki ga jerin wayoyin da ke cikin kont ɗin, ki fidda duk wadda ba ki sani ba har da tsohuwar salularki da kinka saida ko kinka ba wata ƙanwa, ki duba lambar maidowa ki tabbata taki ce, ki canza kalmar sirri, ki kunna tabbatarwa mai mataki 2, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta salularki kafin a shiga.

Kalmar sirrin kuma kada ta zama sunan ɗa ko shekarar haihuwa ko lambar waya. Ki haɗa kalmomi 4 ko 5 na Hausa da ba su da dangantaka da juna, doguwa ta fi mai wuyar tunawa, ki rubuta cikin wani kaye ki aje inda kike aje zinariyarki. Na san akwai masu cewa kada a rubuta, ni ban yarda da su ba ga irin halinmu, ɓarawon da ke wata ƙasa ba zai buɗe adakarki ba. Abu guda dai, ta Gmail dabam, ta shago dabam, ta Facebook dabam, don in wani ƙaramin shafi ya yi sakaci an sace tashi, ɓarayi suna ɗaukar imel da kalmar su bi manyan shaguna suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan Gmail sai shagon, ki canza kalmar sirrinshi, ki duba adireshin kai kaya ko an ƙara wani da ba ki sani ba, ki cire kart ɗin da anka aje ciki. Eh na san rubuta lamba 16 kowane komand akwai gajiya, amma ke ba kullum kike komand ba. Ki cire ta daga Play Store ma, ko aƙalla ki sa a riƙa neman tabbatarwa ga kowace sayayya. Kart ɗin kanta ki riƙa zuba mata daidai abin da za ki saya ranar da za ki saya, kada ta kwana da kuɗɗi, wanga shi ne babban amfanin irinta. In kin taɓa ɗaukar hotonta gaba da baya kin tura ma wani ta WhatsApp, ko wanda ke taya ki komand, ko taransitar ɗinki na Gwanju can Sin, to ki ɗauka lambobi 3 na bayan nan sun fita, ki sa banki ta rufe ta a ba ki sabuwa.

Sai pus. Duk kod ɗin nan bisa pus ɗinki suke sauka, saboda haka ki tabbata da sunanki anka yi mata rajista ba da katin wani ɗan uwa ba, don ranar da ta ɓace mai sunan ne kaɗai zai iya fiddo ta. Ki sa mata PIN, amma ki nemo lambar PUK mai buɗe ta in ta rufe ki aje tukuna, don in anka yi kuskure sau 3 tana rufewa. Kuma in akwai tsohuwar lamba da kinka daina amfani da ita tana nan maƙale da wani kont, ki cire ta, kamfani na iya sake saida lambar da ta daɗe ba ta aiki ga wani, shi ke nan kod ɗinki na zuwa salular baƙo. WhatsApp ma ki sa mashi PIN ɗin mataki 2, ki duba wurin na'urorin da anka haɗa ko akwai wata kwamfuta da ke karanta hirarki.

Wani ɗan abu da kusan kowa ke mantawa: ki duba yatsu nawa anka yi ma rajista cikin salularki. Yaran yanzu in kinka ba su waya kuma sun san kod ɗin ekaran, minti kaɗan ya ishe su su ƙara nasu yatsan, daga nan ko kin canza kod ɗin ekaran banza ne. Ki goge duka ki sake sa naki. Ki kuma sa a ɓoye abin da mesaji ya ƙunsa in ekaran na rufe, don kod shina fitowa sama ko ba a buɗe wayar ba, yaro shi leƙa shi karanta.

Mu dawo ga yaran. Shawarata ta gaskiya, salular kuɗɗi ta daina zama salular wasa. In da hali ki samo ma yaron ƴar okaziyon mai sauƙi ko tablet da za ta zauna gida, in babu hali kuma dole shi taɓa taki, Android na da abin da ke maƙale ekaran bisa aplikasiyon guda yadda ba zai fita ba sai da kod ɗinki, Tecno da Infinix kuma suna da kulle aplikasiyon cikin parametir, ki kulle na banki da na shago da mesaji da Play Store da kod dabam da na ekaran.

In ya samu tashi, Google na da Family Link tun 2017, kyauta ne. Ki sa shi a salularki, ki buɗe ma yaron kont nashi da shekarunshi na gaskiya, nan ne mutane ke ɓata abin, sai a sa ma yaro ɗan 12 shekarar haihuwa ta mai 25 don a huta da tambayoyi, daga nan Google da YouTube da TikTok duk su ɗauke shi babba su buɗe mashi komi. Da Family Link ba zai sauke wani aplikasiyon ba sai an tambaye ki, za ki ga awa nawa ya yi bisa kowane, za ki sa iyakar lokaci a yini, ki sa salular ta rufe kanta da dare, ki ga inda take in da koneksiyon. Masu iPhone suna da irinshi cikin wayar tun 2018. TikTok na da nashi haɗin na iyaye tun 2020, Instagram kuma ta fiddo kont na matasa a 2024. Kuma su Facebook da TikTok da Instagram a ƙa'idarsu sai mai shekara 13, wato yaronki bai ma kai ba, kina da hujjar cewa a'a ba tare da dogon wa'azi ba. Ostareliya ma 16 ta sa a dokar da ta yi a 2024.

Amma kada in yaudare ki, abin nan ba shi ganin komi. Ba shi karanta hirar WhatsApp, ba shi sanin abin da yaro ya kalla a salular abokinshi bakin kolej, kuma sayayyar da ta bi ta Play Store kaɗai shike tarewa. Mu nan kuwa yawancin yara ba ta nan suke sayen diyaman ba, akwai masu saidawa cikin gurup, yaro shi tura kuɗɗi ta mobil moni ko shi kai wurin mai butik, a zuba mashi cikin wasan. Haka cacar ƙwallo, wadda ni ita ta fi ba ni tsoro ga samarin kolej da lise, aplikasiyon ɗin ma sau da yawa ba ta Play Store ake samun shi ba, aboki ke turo shi ta Xender. Saboda haka kod ɗin Airtel Money ko Moov Money ko MyNita ɗinki kada yaro shi san shi, ko da shi kike aike shi ciro maki. Na san wanga da wuya, don iyaye mata da yawa yaran ne ke karanta masu Faransancin mesaji, su ne ma ke yi masu komand ɗin. In haka ne shi karanta gabanki, ke ki rubuta kod ɗin da hannunki.

Ita kuwa budurwar mai shekara 15, lissafinta dabam ne. Kin tambaya ko akwai abin da za a sa mata a ɓoye ki riƙa ganin saƙonninta. Akwai masu tallar irinsu, ni ba na sa ma kowa, kuma ba zan ba ki shawara ba. Na ɗaya yawancinsu su kansu ɓarayin bayanai ne, hotunan ɗiyarki da hirarta za su je hannun wasu da ba ki san ko su wa ne ba. Na biyu za ta gano, yaran nan sun fi mu sanin wayar, kuma ranar da ta gano sai ta samu wata pus ko ta koma salular ƙawa, ke kuma ki zauna kina kallon wayar da ba a komi cikinta kina cewa alhamdu lillahi. Abin da na ga shina aiki shi ne ƙa'ida a fili wadda kowa ya sani: salula ba ta kwana ɗakin yara, ƙarfe kaza kowa shi kawo tashi a sa caji ɗakinki, kin san kod ɗin ekaran ɗinta kuma ta san kin sani, kont ɗinta na TikTok da Instagram a rufe sai wanda ta yarda, ba hoto da rigar lakwal ko ƙofar gida. Forfe ma hanya ce, in ke ke saya mata kin san nawa ke ƙarewa a sati, in kin ga kullum tana da koneksiyon ba ke kinka saya ba, ki tambaya cikin hikima wa ke tura mata kiredi. Wagga tambaya ta fi duk wani aplikasiyon fiddo magana.

Akwai kuma abin da ba mu son faɗi don kunya amma dole a faɗa ma yara, mata da maza duka. Wani shi zo da hoton budurwa ko saurayi mai kyau, a yi ta hira, a nemi hoton tsiraici, da an samu sai a juya a ce a turo kuɗɗi ko a watsa ma dangi da ƴan aji. Sana'a ce ta wasu, a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe kont kusan 63.000 na Instagram a Najeriya masu wanga aiki, kuma samari ƙanana suna cikin waɗanda anka fi farauta. Duk ƙarfin mai barazanar bisa abu guda shike, ya san yaron ya fi tsoron gida bisa tsoronshi. Don haka ki faɗa masu tun yanzu da bakinki, kuma Alhaji shi maimaita da nashi, cewa duk abin da ya faru a waya komi muninshi su zo su faɗa, za a fara da kashe wutar kafin a yi faɗa. In ya faru kada a biya ko dala, biya ba shi sa su daina, a ɗauki kaptir na hirar da lambar da sunan kont ɗin kafin a toshe shi, a kai komisariya. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma ƴan sandan bincike na PJ nan Yamai suna da sashen da ke bin irin waɗanga.

Maganar maido jika 18 ɗin, in ta Play Store sunka fita ki nemi a maido ta cikin kont ɗin Google ɗin da anka yi sayayyar, kuma ki yi sauri don cikin awa 48 na farko an fi samun sa'a, ki faɗi gaskiya cewa yaro ne ya saya ba da izini ba, kada ki ce ɓarawo ne in ba shi ba ne. In kuma sunan da kinka gani a jerin bankin baƙo ne sam, gobe da safe ki je ajans ɗin bankin nan Tawa da katin shaidarki, ki sa a rufe kart ɗin nan take, ki rubuta takardar ƙin amincewa da cirar, ki karɓi kwafi mai tambari. Mesajin kod ɗin nan da imel ɗin sabuwar waya kada ki goge su, ki tafi da su, za su tambaye ki rana da lokaci. Ki gaida Alhaji da yaran.